Suna da Wakilin Suna a Ingilishi: Sharhi a kan Taƙaitaccen Nahawun da Ake Koya ma Ɗalibanmu

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga kwaleji a Nijar yakan fara Ingilishi tun daga ajin siziyam, bayan ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci. Kafin ya kai jarrabawar BEPC, akwai wani taƙaitaccen nahawu da ba makawa sai ya gamu da shi: shafi biyu ko uku a kan suna da wakilin suna, wanda malami ke rubutawa bisa allo ko ya rarraba a fotokofi, ɗalibai su kwafe cikin kaye su hardace. Wannan taƙaitawa ba ta da marubuci guda. Gado ce, malami ya karɓe ta daga malaminsa, shi ma ya miƙa ta gaba, kuma kamanninta kusan ɗaya ne, ko a Maraɗi aka same ta, ko a Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Abubuwa biyar ta ƙunsa: ma'anar suna, jinsin suna, hanyar yin jam'i, ma'anar wakilin suna, sai kuma jadawalin wakilan suna inda aka jera kowace kalmar Ingilishi daura da takwararta ta Faransanci.

Ita muke son mu yi ma sharhi a wannan maƙala, kuma lokacin yin hakan ya yi. A watan Maris na 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga kuma iyakarmu da Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 1500, wadda ƴan kasuwa da ɗalibai ke ƙetarawa kullum. Ke nan tubalin farko da ake aza ma yaro a Ingilishi ya cancanci a duba shi da idon basira.

A ganinmu taƙaitawar tana da rauni biyu. Na farko, ta gaji tsarin masu nahawun Ingila na ƙarni na 18, irin su Robert Lowth (1762) da Lindley Murray (1795), waɗanda suka auna Ingilishi da mudun Latin. Na biyu, ta ɗauka cewa hanya guda ce ke kai ɗalibi ga Ingilishi, wato ta cikin Faransanci, ta mance da harshen da yaron ke tunani da shi. Za mu bi sassanta ɗaya bayan ɗaya.

2. Ma'anar suna

Taƙaitawar takan ce suna kalma ce da ke ambaton mutum, ko wuri, ko abu. Wannan bayani yana tafiya daidai muddin misalan ba su wuce «boy», «market», «table» ba. Da zarar ɗalibi ya ci karo da «arrival», ko «heat», ko «kindness», sai ya rasa inda zai aje su, domin isowa aiki ce, zafi da kirki kuwa halaye ne. Haka kuma kalma guda, alal misali «walk» ko «water», takan zama suna a wata jimla, ta zama aikatau a wata.

Nahawun zamani, kamar na Quirk da abokan aikinsa (1985) da na Huddleston da Pullum (2002), ya fi dogara da halayyar kalma cikin jimla. Suna a Ingilishi ita ce kalmar da ke iya zama kan yankin suna, ta karɓi «the» a gabanta, sau da yawa ta karɓi ɗafin jam'i ko na mallaka. Wannan gwaji yana da muhimmanci na musamman ga Bahaushe, domin abubuwa da dama da Ingilishi ke faɗa da sifa, Hausa da suna take faɗarsu. «Zafi», «kyau», «nauyi», «tsawo» duk sunaye ne, shi ya sa muke cewa «yana da nauyi» ko «ruwa mai zafi». Ɗalibin da aka koya ma rarrabe kalmomi ta ma'ana kaɗai ba shi da abin da zai raba «heat» da «hot», ko «weight» da «heavy», tun da ma'anarsu ɗaya ce a kunnensa. Wanda aka koya ma gwada kalma da «the» da kuma «very» zai raba su nan take.

3. Jinsi

Sashen jinsi shi ne inda gadon Murray ya fi fitowa fili. Ana gaya ma ɗalibi cewa sunan Ingilishi yana da jinsi uku, namiji da tamace da kuma wanda ba ko ɗaya ba, sannan a ba shi jerin kalmomi irin su «lion» da «lioness», «duke» da «duchess» ya hardace. Gaskiyar magana ita ce Ingilishin yau ba shi da jinsin nahawu. Tsohon Ingilishi ya yi shi, har ma kalmar «wif», wato mace, ba ta cikin jinsin tamace. To amma zuwa ƙarni na 14 tsarin ya riga ya ɓace daga yawancin karuruwan harshen. Abin da ya saura shi ne zaɓin «he», «she» ko «it» bisa ga abin da ake magana a kansa. Ba sifa, ba mafayyaci, ba aikatau da ke sauya siga saboda jinsin suna.

Ga ɗalibinmu wannan labari ne mai daɗi da ba a ba shi ba. Ya zo da harsuna biyu masu jinsin nahawu. A Hausa «mota» tamace ce, «gida» namiji ne ko da yake ya ƙare da wasalin -a, garuruwa da ƙasashe kuma tamata ne. A Faransanci ya sha wuya kafin ya riƙe cewa «maison» tamace ce alhali «gida» namiji ne. Abin da ya kamata a fara gaya masa shi ne ya sauke wannan kaya, ya koyi kalma guda sabuwa, wato «it», wadda ba ta da takwara a Hausa, ba ta kuma da ita a Faransanci idan ana nufin wani abu takamaimai. Rashin jaddada wannan ne ke haifar da jimloli irin ta (1):

(1) *The car is old, she does not start.

Babban abin lura yana wajen mallaka. Jadawalin yakan rubuta «his» daura da «son», «her» daura da «sa». Wannan kuskure ne tsantsa, kamar yadda (2) ke nunawa:

(2) a. dokinsa / son cheval / his horse
b. dokinta / son cheval / her horse
c. motarsa / sa voiture / his car
d. motarta / sa voiture / her car

Faransanci yana bin jinsin abin da aka mallaka. Ingilishi yana bin jinsin mai mallaka. Hausa kuwa tana nuna duka biyun, kowanne da ƙwayar ma'anarsa: -n da -r na abin da aka mallaka ne, -sa da -ta na mai mallaka ne. Haka tsarin yake a Hausar yamma, irin ta Adar da Bernard Caron ya bayyana a 1991, inda ake cewa «dokinai» da «motatai». Saboda haka ɗalibin da ya rubuta (3) ba Hausa ce ta ɓatar da shi ba:

(3) *Hadiza loves his father.

Daga «son père» ya ɗauko «his». Da an tambaye shi da Hausa, «ubanta» zai ce ba tare da jinkiri ba, kuma -ta ɗin nan ita ce «her». Darasin da ke cin makonni ta hanyar Faransanci, ta hanyar Hausa bai wuce jimla guda ba.

4. Adadi da abin da ba ya ƙirguwa

A kan jam'i, taƙaitawar takan ce a ƙara -s, sannan ta kawo jerin waɗanda suka saɓa ma ƙa'ida. Jerin ba shi da laifi, kuma bai kamata ya tsorata Bahaushe ba. Sunayen da ke sauya wasalin ciki guda bakwai ne kawai: «man», «woman», «foot», «tooth», «goose», «mouse», «louse». Wanda ya tashi yana cewa doki da dawaki, dutse da duwatsu, akuya da awaki, a harshen da hanyoyin jam'insa suka haura goma kamar yadda Paul Newman ya tsara su a nahawunsa na 2000, ba zai ga «foot» da «feet» a matsayin abin mamaki ba.

Matsalar tana cikin -s ɗin kanta, kuma taƙaitawar ba ta ce uffan a kai ba. Shekara shida ɗalibi ya yi yana koyon cewa -s ta jam'i a Faransanci ado ce ta rubutu, ba a furta ta. Yanzu ga ta a Ingilishi da furuci har uku: [s] a «cats», [z] a «dogs», [ɪz] a «horses». Ƙari a kan haka, yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma tsarin gaɓar Hausa bai yarda da baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma ba, balle uku kamar a «desks». Sannan Hausa ta yarda a bar suna a tilo idan lamba ta biyo baya: «shekara goma», «mota biyu», «jika biyar». Dalilai uku ke nan suka haɗu a kan ɗalibi guda, kowanne yana ingiza shi ya ce «ten year». A nan Hausa da Faransanci duk suna da hannu, kuma magani shi ne a koyar da jam'i da kunne da baki kafin alƙalami.

Wani gibi mafi girma shi ne rashin bambanta sunan da ke ƙirguwa da wanda ba ya ƙirguwa, alhali wannan bambanci ne ke hukunta amfani da «a», da «many» ko «much», da «few» ko «little». Kurakuran da aka fi sani a nan daga Faransanci suke fitowa kai tsaye:

(4) a. *informations / des informations
b. *advices / des conseils
c. *furnitures / des meubles
d. *luggages / des bagages

Hausa tana da abin da za ta ba da a nan ma. Ba ma ƙirga gero sai da ma'auni: ƙwayar gero, tiyar gero, buhun gero. Wannan shi ne ainihin tsarin «a grain of millet», «a piece of advice», «an item of furniture». Kalmar «kaya» ta fi «bagages» kusa da «luggage», domin tana tattara abubuwa da yawa a ƙarƙashin siga guda. Haka nan wajen magana a kan abu gaba ɗayansa. Bafaranshe yana cewa «j'aime le thé», ɗalibi ya mayar da ita «I like the tea», wadda ke nufin wani shayi sananne. Bahaushe kuwa «ina son shayi» yake cewa, suna tsirara ba madanganci, daidai da «I like tea».

5. Me wakilin suna ke wakilta?

Sunan da muka ba wannan aji na kalmomi, da Hausa da Faransanci da Ingilishi, yana nuna cewa suna yake maye ma gurbi. Taƙaitawar ta ɗauki wannan a matsayin ma'ana. Sai dai idan aka gwada, ba ta tsayawa:

(5) a. The old farmer came.
b. *The old he came.
c. He came.

Abin da «he» ya maye shi ne yankin suna ɗungurungum. Ban da haka, Émile Benveniste ya nuna tun 1956, a maƙalarsa kan yanayin wakilan suna, cewa na mutum na ɗaya da na biyu ba su maye gurbin komai. Suna nuna mai magana da wanda ake yi ma magana a daidai lokacin furuci. Wannan darasi ne da kowannenmu ya karanta a jami'a, amma bai sauka zuwa kayen ɗan kwaleji ba.

Ga Bahaushe akwai wani ruɗani da ya fi wannan. A jimlar «Audu ya zo», kalmar «ya» ba ita ce aikau ba. Zagin aikatau ce, mai ɗauke da mutum da jinsi da adadi tare da lokaci, kuma dole ta bayyana ko da sunan yana nan. Ɗalibin da ya ɗauki «ya» a matsayin «he» sai ya rubuta (6), Faransancin baka ma ya ƙarfafa masa gwiwa da «Audu, il est venu»:

(6) *Audu he came yesterday.

Haka kuma «shi» na Hausa yana ɗaukar aikin «he» a wani wuri, na «him» a wani: «shi ne ya zo», «na gan shi». Jadawalin da ke daidaita kalma da kalma ba zai iya nuna wannan ba. Sai an jera jimloli.

Akwai kuma wuraren da jadawalin ya tsallake gaba ɗaya. Na farko shi ne «you». Hausa tana raba kai da ke da ku, tana kuma girmama babba da «ku», kamar yadda Faransanci ke yi da «vous». Ingilishi ya taɓa yin irin wannan rabo tsakanin «thou» da «ye», amma «thou» ya fita daga daidaitaccen harshe a cikin ƙarni na 17. Bambancin adadi ya saura ne kawai a «yourself» da «yourselves». Ɗalibi yana bukatar a gaya masa ƙarara cewa ce ma malami «you» ba rashin ladabi ba ne. Na biyu shi ne wakilin suna mai komawa ga aikau. An saba fassara shi da «se» na Faransanci, wanda ke zuwa kafin aikatau, alhali ginin «myself» da «yourself» shi ne ginin «kaina» da «kanka»: suna haɗe da mallaka, a bayan aikatau. Na uku shi ne «an», «ana», «a», waɗanda suka yi daidai da «on» na Faransanci, amma Ingilishi ya fi faɗar su da jimlar da aka ɓoye mai aiki: «an sace akuya» ita ce «a goat was stolen». Na huɗu shi ne «mun tafi da Audu», wadda a Hausa ke iya nufin mutum biyu kawai, ni da Audu. Idan aka mayar da ita «we went with Audu», mai sauraro zai fahimci aƙalla mutum uku.

6. Ƙa'idojin da zamani ya wuce

Ƙa'idoji biyu ne a taƙaitawar da masu harshen kansu ba su bi. Ta farko ita ce a ce «it is I», wai domin Latin yana sa siga ta aikau bayan aikatau na kasancewa. Abin da ake ji a bakin mutanen Ingila da Amurka shi ne «it's me», wanda ya yi daidai da «c'est moi» da kuma «ni ne». Tilasta ma yaro ta farkon koya masa maganar littafi ne a wurin da ba a bukatarta.

Ta biyu ita ce a yi amfani da «he» idan ba a san jinsin mutum ba, bayan kalmomi irin su «everyone» da «somebody». Ann Fisher ce ta fara rubuta wannan ƙa'ida a nahawunta na 1745, wata dokar majalisar Ingila ta 1850 kuma ta tanadi cewa a rubutun doka kalmar namiji ta haɗa da mace. To amma amfani da «they» ga mutum guda ya girmi wannan ƙa'ida nesa, domin ana samun shi a rubuce tun ƙarni na 14, kuma nahawun Huddleston da Pullum ya karɓe shi a matsayin daidaitaccen Ingilishi. A 2019 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓi «they» a matsayin kalmar shekara. Ɗalibin da zai karanta jarida ko takardar ofis a yau zai gamu da «everyone has their own key», kuma bai kamata ya ɗauke ta kuskure ba.

7. Abin da za a ce domin adalci

Ba mu ce taƙaitawar ba ta da amfani ba. Gajera ce, tana shiga kaye, tana hardatuwa, kuma a ajin da ɗalibai suka yi yawa littattafai suka yi ƙaranci, ita ce abin da yaro ke komawa gida da shi. Malamin da ya rubuta ta bisa allo ya yi abin da halin aikinsa ya ba shi dama. Faransanci ma ba koyaushe yake ɓatarwa ba. Shi ne ya saba ma ɗalibi da aikau marar ma'ana a «il pleut», wanda ya share fagen «it is raining», alhali Hausa «ana ruwa» take cewa. Shi ne kuma ya saba masa da mafayyaci a gaban suna, tun da -n da -r na madanganci ba su cika aikin «the» ba.

Haka nan ba kowane kuskure ne ke fitowa daga harshen farko ko na biyu ba. Robert Lado (1957) ya ɗora nauyin a kan kwatanta harsuna, amma Pit Corder (1967) ya nuna cewa kurakuran mai koyo suna da tsarinsu na kansu. Yaron da ya ce «foots» ƙa'idar Ingilishi ce ya faɗaɗa. Sannan ajinmu ba na Hausawa kaɗai ba ne. Zarma da Barbarci ba su raba namiji da mace a wakilin suna na mutum na uku, saboda haka ɗan Dosso ko na Diffa yakan rikita «he» da «she», abin da da wuya Bahaushe ya yi idan mutum ake magana a kai. Kwatancin da muke kira a yi ya shafi kowane harshe da ke cikin ajin.

8. Kammalawa

Shawararmu ba ta bukatar sabon littafi. Shafi ukun nan ne za a sake rubutawa. A bayyana suna ta halayyarsa cikin jimla. A cire jerin «duke» da «duchess», a ba «it» da sunayen da ba su ƙirguwa wurin da ya bari. A koyar da -s ta jam'i da furucinta uku. A mayar da jadawalin wakilan suna mai layi uku, Ingilishi da Faransanci da harshen ɗalibi, kuma a cika shi da gajerun jimloli maimakon kalmomi tsirara. A daina cire maki saboda «it's me» da «they» na mutum guda.

Sashen da ya rage namu ne, mu malaman jami'a da ɗaliban da ke neman batun kundi. Misalan da muka kawo sanannu ne ga duk wanda ya taɓa gyaran takardun kwaleji, amma ana bukatar a tattara rubuce-rubucen ɗalibai daga siziyam zuwa tarminal, a ware su bisa harshen farko na kowane yaro, a ƙirga wane kuskure ne ya fi yawa a wane aji. Da wannan ƙidaya ce za a san ko «his» da «her» ne suka cancanci mako na farko, ko kuwa -s ta jam'i.